Mun Shiga Ƙungiyar Masu Gyaran Tsofaffin Land Rover

Duk wanda ya girma a ƙauyukan ƙasarmu kafin kwalta ta iso ya san Land Rover. Ita ce motar likitan shanu, ita ce ta malamin gona, ita ce kuma take kai maras lafiya asibiti da damina sa'ad da sauran motoci suka kāsa. Yanzu galibinsu suna kwance a bayan gidaje, kaji suna ƙwai a ciki. A kan tsaunin Mambila kuwa har yanzu mutum zai gan su da yawa suna ɗaukar kaya.

Mu ma muna da guda ɗaya. Ta mahaifinmu ce, ƙirar 1967, doguwa, mai fitilu biyu kusa da juna a tsakiyar fuska. Ya saye ta a gwanjo bayan ya bar aikin direba, ya yi jigilar masara da dankali da ita har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da ya rasu ba ta motsa ba. Bara mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya taya, ya ce zai sassare ta a nan inda take. Kuɗin ba su da yawa, amma lokacin biyan kuɗin makaranta ne, yara huɗu kuwa ba wasa ba. Muka zauna, mu 'ya'yan gidan da matanmu, muka yi ta shawara har dare. Waɗansu suka ce ƙarfe ne kawai, a sayar. Waɗansu suka yi shiru, shirun nan kuwa ya fi magana nauyi. A ƙarshe aka yarda a ba ta shekara ɗaya. In ba ta tashi ba, a kira mai saye.

Ta haka muka nemi ƙungiyar. Ba babba ba ce. Akwai malamin makaranta, akwai mai walda, akwai wata ma'aikaciyar jinya wadda take gyara motar mijinta marigayi, akwai Kirista akwai Musulmi. Tsarinsu irin na gayya ne. Kowace Asabar ana taruwa a gidan mutum ɗaya a yi aikin motarsa, mai gida ya ba da abinci, mako mai zuwa a tafi gidan wani. Kowa yana zuba ɗan kuɗi a wata, da su ake sayen kayan aikin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba. Sabon shiga sai ya yi wa waɗansu aiki wata uku kafin a taɓa tasa. Da fari mun ga kamar tsanani ne, amma cikin watannin nan ne muka koyi riƙe sifana.

A can muka ji tarihin motar. Wani Bature mai suna Maurice Wilks, na kamfanin Rover a Ingila, yana aiki da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka a gonarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai ya ga ya kamata su ƙera irin tasu domin manoma. Aka nuna ta ga jama'a a birnin Amstadam a 1948. A lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, saboda haka suka yi jikinta da goran ruwa, watau alminiyo. Dalili ke nan da ya sa jikin motar Baba bai ci tsatsa ba ko da yake ta sha damina da yawa a waje. An yi ta sāke ƙira, ta biyu a 1958, ta uku a 1971, har aka daina ƙera tsohon salon nan ɗungum a Janairu 2016.

Amma kyan jiki yana ruɗin mutum. Ranar da gayya ta zo gidanmu, dattijon ƙungiyar, wani tsohon makanike da kowa yake kira Baba, bai ko dubi fenti ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya kwanta a ƙarƙashi, yana bugun ƙashin motar, wanda makanikai suke ce wa shasi. Inda ƙarfe yake da lafiya sai ya yi ƙara mai zaƙi. Inda ya ruɓe sai ka ji dum, tsatsa tana zubowa. Shasin kamar dogon akwati yake, laka da ruwa suna shiga su kwana, su ci shi daga ciki. Inda goran ruwa ya haɗu da ƙarfe kuma, sai wani farin gari ya fito, yana cin goran ruwan a hankali. Da ya fito ya kakkaɓe rigarsa ya ce mana, “'Ya'yana, bayan ya tafi, amma gaba da tsakiya suna nan. Za ta rayu.” Babban yayanmu ya juya ya shiga ɗaki, bai fito ba sai da aka kawo tuwo.

Dokar ƙungiya ita ce birki kafin inji. Kowa yana ɗokin ya ji ƙarar motarsa, amma ba a yarda. Irin tamu bututun man birkinta hanya ɗaya ce, in ya tsage a wuri guda duka ƙafafu huɗu sun rasa birki. Wanda ya san gangaren ƙasar Filato ba ya bukatar a yi masa bayani. Muka sauya bututun duka, da robobin, muka kuma sa bel na ɗaura jiki, abin da ba ta taɓa samu ba. Kayan gyara kuwa sai da aka je har Panteka a Kaduna, waɗansu notuna ma ba sa shiga sifanar zamani, gama awon inci ne.

Akwai gardama guda da ba ta ƙarewa a wurinmu. Waɗansu suna cire injin asali su sa na motar Japan, su ce ya fi ƙarfi, ya fi kuma tattalin mai. Gaskiyarsu ne a kan mai, domin tsohon injin nan mai lita 2 da kwata mashayi ne. Duk da haka mu mun zaɓi mu bar namu. Ba shi da kwamfuta, kowane yaro mai hankali zai iya buɗe kafireto ya gane abin da yake gani. Babban ɗanmu ɗan shekara 15 ya riga ya iya daidaita fulogi, ya kuma san aikin sandunan nan biyu na ƙasa: a danna mai ruwan ɗorawa ƙafafu huɗu su ja, a jawo ja baya in za a hau dutse ko a fita daga taɓo. Baba ya ce zai koya masa taka kuloci sau biyu, gama giya ta ɗaya da ta biyu ba sa shiga salin alin.

Sai dai mu faɗa wa masu karatu gaskiya, abin nan yana cin kuɗi, yana kuma cin Asabar. Tun ranar fari uwargidan yayanmu ta karɓi littafin lissafi. Kuɗin abinci da na makaranta ba a taɓa su, bashi kuma babu. Wata biyu aikin ya tsaya cik saboda haka, ba wanda ya ce uffan.

Yanzu wata tara ke nan. An yi waldar bayan shasi, birki yana kamawa, inji ya tashi ya yi minti goma kafin lagireto ya fara yoyo. Saura wata uku cikin shekarar da aka ba ta. Ana shirin 'yan ƙungiya su hau Mambila da rani mai zuwa, an kuma rubuta sunanmu da fensir. Asabar mai zuwa za a cire lagireton a kai wa mai dalma.