Riruwai: Yashin da Ya Fi Ƙarfin Ido

Daga Ƙafin Maiyaki hanya take miƙewa kudu, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta shiga ƙaramar hukumar Doguwa. Ita muka bi a hutun da ya wuce, mu 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu, har zuwa Riruwai, garin da duwatsu suka kewaye a ƙarshen jihar Kano ta kudu.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suke narka kuza. Daga baya kamfanoni suka zo suka haƙa rami mai zurfi, sai dai faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985 ta durƙusar da harkar. Yau masu ƙaramin ƙarfi ne suke wanke ƙasa a bakin rafi. Ruwa yana tafiya da yashi mara nauyi, mai nauyin ya kwanta a ƙasan kasko.

A cikin abin da ya kwanta, ba kuza ce kaɗai ba. Akwai kwalambayit, akwai kuma wasu ƙwayoyi ƙanana masu launin zuma da ake kira monazayit. Ma'adini ne na fosfet, wanda yake ɗauke da sinadarai masu wuyar samu. Da ɗaya daga cikinsu, niyodimiyam, ake ƙera maganaɗisu mai ƙarfi na wayar salula da mota mai aiki da lantarki. A da, cikin tarkace ake barinsa, a nan da ma Jos. Yanzu masu saye suna nemansa.

Yaya ake gane shi? Malaminmu na kimiyya ya nuna mana alamomi uku. Na farko launi: kuza baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu, shi kuwa ya fi haske. Na biyu nauyi: ya ninka ruwa kusan sau 5, kuza kusan sau 7, yashin rafi bai kai sau 3 ba. Na uku maganaɗisu: na hannu ba ya ɗaukarsa, sai babban injin tacewa, kuza kuwa ko injin ba ya jan ta.

Amma waɗannan alamomi ba sa faɗin kuɗi. Darajarsa tana ga yawan sinadaran da ke cikinsa, kuma ɗakin gwaje-gwaje ne kawai yake iya auna wannan, irin na Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ya sayar ba tare da gwaji ba, abin da dillali ya yanke shi zai karɓa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma haɗari. Monazayit yana ɗauke da toriyam, mai fitar da tururin radiyeshan. Bai kamata a tara buhunansa a ɗakin kwana ba, ko a shaƙi ƙurarsa, ko a yi yaɓe da tarkacensa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje.

'Yan uwa ɗalibai, yankin nan yana da masu haƙa da yawa, masu iya gwaji ne suka yi ƙaranci. Wanda ya riƙe darasin kemistiri da labarin ƙasa da kyau, wata rana shi zai gaya wa mutanen garinsu abin da ke cikin kaskonsu, da kuma nawa ya kamata a biya su.