Mai Niyyar Teku Ya Fara Da Gulbi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana malamai da ma'aikata wata niyya da na ƙulla, da abin da ta koya mini tun ban ɗaga ƙafa daga ƙasarmu ba.

Shekara 35 na yi ina karantar da yara labarin ƙasa. Kullum in zana musu Masar bisa allo, in ce ga Kogin Nilu, ga Bahar Maliya, ga mashigin Suwais da aka buɗe cikin 1869. Ran nan wani yaro ya ce, "Malam, ka taɓa ganin teku?" Na ce a'a, amma maganar ta tsaya mini a rai. Saboda haka da na ajiye aiki aka ba ni kuɗin sallama, na ware na gida, na ce sauran sai na je Masar, in nutse cikin Bahar Maliya in ga murjani inda yake tsirowa.

Da labari ya bazu a Tambuwal, sai aka yi mini ca. Wani ya ce in sayi shanu, wani ya ce tsofai-tsofai da ni me ya haɗa ni da wasan kifi. Na amsa musu da cewa gani ya kori ji, kuma Masar ba baƙuwarmu ba ce. Mansa Musa ya sauka Alƙahira cikin 1324. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu cikin 1505, daga can ya aiko wa Sarkin Katsina takardar nasiha.

Ga yadda na tsara tafiyar, ko wani ya amfana. Da fari fasfo, da biza, da katin allurar shawara. Na zaɓi watan Nuwamba, lokacin zafin hamada ya sauka, ruwa kuwa bai yi sanyi ba. Daga Alƙahira sai mota, tafiyar awa 6 ko kusa da haka, zuwa Gardaƙa a bakin teku, garin da Turawa ke kira Hurghada. Can ake koya wa baƙo nutso cikin kwana 3 ko 4. Ana goya masa tukunyar iska, a sa masa gilashi a fuska, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Iyakar sabon shiga mita 18, watau kamar rijiya mai gaba 10. Akwai wani jirgin ruwan Ingila, Thistlegorm, wanda Jamusawa suka nutsar cikin 1941, har yanzu da babura da motoci a cikinsa. To, shi yana kwance wajen mita 30, sai in bar wa gwanaye.

Dalilin wannan iyaka shi ne, kowace mita 10 nauyin ruwa yana ƙaruwa a kan mutum, har wani sashe na iskar da yake shaƙa ya narke cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo, ta sa masa ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Don haka ne ake so wanda ya yi nutso ya dakata kamar kwana guda kafin ya hau jirgin sama. Shi ya sa na sa nutso a farko, yawon gani a ƙarshe. In koma Alƙahira da mota, in ziyarci masallacin Azhar da aka aza harsashinsa cikin 970, da kabarin Imamu Shafi'i, da dalar Giza wadda ta yi shekara wajen 4,500 tana tsaye.

Ina cikin wannan lissafi sai na tarar da sharaɗin da ya kashe mini jiki. Ba a karɓar mutum sai ya yi iyo na mita 200, ya kuma tsaya bisa ruwa minti 10 ba ya taɓa ƙasa. Ni kuwa ban iya iyo ba ko na taku ɗaya, gama tun muna yara iyaye suka hana mu zuwa gulbi.

Sai na tafi Kebbe, inda na taɓa aiki, wurin wani dattijo masunci wanda na karantar da ɗansa. Da na faɗa masa buƙatata ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Malam, ashe yau allo ya juya." Na ce, "Baba, ya juya." Ranar farko na sha ruwa har na ƙoshi, yara na gaɓa suna kallo. Ya ɗago ni ya ce, "Malam, kana kokawa da shi ne. Ruwa ba ya ɗaukar mai gardama. Saki jikinka." Yau wata 2 ke nan, ina iya rabin abin da ake nema. Saura likita, wanda ya ce sai ya sake auna jinina. In ya hana, na haƙura, in kalli kifi daga jirgi mai gindin gilashi.

Amma ga abin da ya fi damuna, jama'a. Kowace damina muna jin kwalekwale ya kife da mutane, galibi mata da yara masu zuwa gona ko kasuwa. Ni na sa yara sun haddace sunayen tekunan duniya, ban koya wa ko ɗaya yadda zai fid da kansa daga gulbin garinsu ba. Ga masunta a kusa da mu, ilminsu yana hannunsu, ba mu taɓa tambayarsu ba. Me zai hana shugabannin makarantu da hakimai su shirya da su, da rani sa'ad da ruwa ya ja baya, su koya wa yara iyo a wuri marar zurfi?

Ko Allah ya nufa na ga Bahar Maliya ko bai nufa ba, wannan niyya ta riga ta biya ni. Wanda duk ya taɓa zuwa can, ina roƙonsa ya rubuto ta wannan fili ya ƙara mini haske. Haza wasalam.

Naka,
Tsohon Malamin Makaranta,
Tambuwal.