Ranar da tseren mota ya kusa raba mu a Kadawa

Idan aka ce gidan kallo a Kadawa, ƙwallo ake nufi. Garinmu na noman rani ne. Ruwa yana tahowa daga madatsar Tiga ta cikin kanal, mu kuma yara aikinmu in an tashi daga makaranta shi ne mu bi gona muna buɗe wa tumatir da alkama ruwa. Da yamma wanda ya samu ɗan canji sai ya je ya kalli Arsenal ko Madrid. A wannan gari ne, cikin shekarar 2021, mu samari bakwai 'yan aji biyu na babbar sakandare muka kamu da son tseren motoci na Formula 1, har abin ya kusa kashe mana zumunci. Yau wasunmu suna jami'a, wasu suna gona, kuma muna so mu ba ƙannenmu labarin don akwai abin da muka tsinta a ciki.

Wanda ya jawo mana shi ne yayan ɗayanmu, direban babbar mota da ke lodin tumatir a Kwanar Gafan yana kaiwa Legas. Wata rana ya nuna mana wani ɗan bidiyo a wayarsa: mota ta shigo a guje, mutane kusan ashirin suka rufe ta, suka cire tayoyi huɗu suka mayar da sababbi, ta fice, duka bai kai daƙiƙa uku ba. Abokinmu da mahaifinsa ke faci a bakin titin Zariya ya ce ƙarya ce, haɗi ne. Sai da ya kalla sau biyar kafin ya yi shiru. Daga ranar muka fara bibiya, a wayar wannan yau, gobe a ta wancan, gwargwadon wanda ke da data.

Ba a daɗe ba muka rabu gida biyu. Mu huɗu muna bayan Lewis Hamilton ɗan Ingila, direban Mercedes. Shi kaɗai ne baƙar fata a cikin direbobin, mahaifinsa ya yi ta haɗa ayyuka don ya biya masa kuɗin tseren yara, kuma ya ci kambun duniya sau bakwai, daidai da Michael Schumacher. Su ukun suna bayan Max Verstappen ɗan Holan, direban Red Bull, mai shekara 24 a lokacin. Hujjarsu ita ce sabon jini ne, ba ya tsoro, kuma sun gaji da ganin mutum ɗaya yana lashewa kullum. Sauran 'yan gari kuwa dariya suke mana. Wani dattijo ya ce, “Yaran da ko keke ba su mallaka ba, su ne ke faɗa a kan motar Turawa.”

Da aka zo tseren ƙarshe na shekarar, wanda za a yi a Abu Dabi ranar Lahadi 12 ga Disamba, sai ga mutanen biyu da maki iri ɗaya cif, 369.5 kowanne. Rabon da a shiga tseren ƙarshe da kunnen doki irin wannan tun 1974. Makon nan kaf ba mu da wata hira. A hanyar makaranta musu, a bakin kanal musu, a teburin mai shayi musu. Mu muna tuna musu yadda motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton a Italiya cikin Satumba, su kuma suna tuna mana yadda Hamilton ya taɓa shi a Ingila cikin Yuli har ya daki shinge aka kai shi asibiti. Kowa laifin ɗan wancan gida yake haddacewa, na gidansa kuwa sai ya manta.

Ranar Laraba malaminmu na lissafi ya tarar da mu muna ta ɗaga murya a bayan aji. Da ya ji abin da ake yi, bai kore mu ba. Cewa ya yi, “Na ji kowa na rantsuwa. Wa zai kawo min a rubuce abin da zai faru idan motocin biyu suka lalace ba su gama ba?” Duk muka yi tsit, don babu wanda ya sani.

A daren muka zauna da takarda da biro. Muka gano na ɗaya yana samun maki 25, na biyu 18, akwai kuma ƙarin maki ɗaya ga wanda ya yi zagaye mafi sauri. Rabin makin nan da ke ba mu mamaki ya samo asali ne daga tseren Beljiyam, inda ruwan sama ya hana a yi tsere sosai aka raba rabin maki. Amsar tambayar Malam kuwa ba ta yi mana daɗi ba: idan duka biyun suka kasa gamawa, Verstappen ne zakara, don ya ci tsere tara a shekarar, Hamilton takwas. Muka kuma ninka zagaye 58 da tsawon filin, kilomita 5.281, muka samu kilomita 306 da ɗoriya. Ya fi nisan Kano zuwa Kaduna, kuma a cikin awa ɗaya da rabi ake cinye shi. Washegari muka kai wa Malam. Ya duba ya ce, “To, yanzu kun fara musu. Da can hayaniya kuke.”

Ranar Asabar aka yi gwajin da ke tantance inda kowa zai tsaya wajen tashi. Verstappen ya zo na ɗaya, Hamilton na biyu. Su ukun suka hana mu sakat. A nan ne ɗan mai faci, wanda shi ne jagoran 'yan Verstappen, ya yi mana bayanin da ya fi na kowa amfani. Ya ce taya mai laushi tana kama ƙasa sosai, tana ba da gudu, amma da wuri take cinyewa. Mai tauri ba ta kai ta gudu ba, sai dai tana jimirin tafiya. Verstappen zai tashi da mai laushi, Hamilton da matsakaiciya. Ya ce mu zuba ido, taya ce za ta raba gardamar gobe. Mun ɗauka cika baki ne irin na ɗan adawa.

Ranar Lahadi muka yi karo-karo muka sayi man janareto, mai gidan kallo ya yarda ya ba mu ƙaramar talabijin ta gefe. Mun gama ban-ruwa tun da hantsi, muka yi sallar Azahar, ƙarfe biyu na rana muna zaune. Ana tashi Hamilton ya wuce gaba. A zagayen farko Verstappen ya kutsa masa a wata kwana, Hamilton ya fita daga kan hanya ya yanke, ya dawo yana gaba. Alƙalai suka ce babu laifi. Su ukun suka miƙe suna cewa an yi son kai. Mu kuwa muka ce alƙali ya fi su sani, su zauna. Ku riƙe wannan maganar tamu, za mu dawo kanta.

Daga nan Hamilton ya yi ta ba da rata. Saura zagaye shida yana gaba da fiye da daƙiƙa goma, har mun fara tsara yadda za mu yi musu tsiya a makaranta. Sai wani direba, Nicholas Latifi, ya daki bango a zagaye na 53. Aka fito da motar kariya, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu har a share hanya. Ratar Hamilton ta narke. Verstappen ya shiga ya sa sabuwar taya mai laushi, Hamilton kuwa bai shiga ba don kada ya rasa matsayinsa, ya zauna da tsohuwar taya mai tauri da ta yi zagaye kusan arba'in. Tsakaninsu akwai motoci biyar da aka riga aka yi wa zagaye. Daraktan tseren, Michael Masi, ya ba waɗannan biyar kaɗai izinin wucewa, ya janye motar kariya nan take, aka bar zagaye ɗaya tak. Sabuwar taya ta haɗu da tsohuwa. Verstappen ya wuce, ya zama zakaran duniya.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne. Ɗayanmu ya kira su ɓarayi. Ɗan mai faci ya ce mu je mu yi kuka a gida. Aka ci kwalar juna, benci ya kife, mai gidan kallo ya kore mu duka. Muka yi kusan mako uku ba ma gaisawa. Abin takaicin, gonar mahaifin ɗayanmu tana jikin ta kawun ɗan mai faci, bakin ruwa ɗaya suke sha. Yara biyu da suka saba taya juna tare ruwa suka koma kowa na yi shi kaɗai, har wata rana ruwa ya ɓalle ya kwanta a kan tumatir don babu wanda ya yarda ya kira ɗan uwansa. Iyaye suka ji dalili, kunya ta ishe mu.

Malam ne ya sake tara mu. Ya tambaye mu huɗun, “Wa ya cuce ku? Direban, ko daraktan, ko abokinku da kuka tashi tare?” Ya ce mu nemo dokar mu karanta kafin mu ba shi amsa. Muka nemo ta a intanet, muka yi ta fama da Turancinta da ƙamus. Abin da muka fahimta shi ne, idan za a bar motocin da aka yi wa zagaye su wuce, motar kariya sai a ƙarshen zagaye na gaba take komawa. Da an bi haka, da tseren ya ƙare a bayanta, Hamilton na gaba. Ke nan muna da gaskiya cewa ba a bi ƙa'ida daidai ba. Su ma suna da tasu gaskiyar: Verstappen bai karya doka ba, dama ya samu ya yi amfani da ita, kuma taya ce ta raba gardama kamar yadda ɗan mai faci ya faɗa tun ranar Asabar.

Sai Malam ya tuna mana zagayen farko. Ya ce, “Lokacin da hukunci ya yi muku daɗi kun ce alƙali ya fi kowa sani. Da ya juya muku baya ya zama azzalumi. Wanne za mu ɗauka?” Babu wanda ya iya ɗaga kai. Ya ƙara da cewa shi Hamilton da abin ya shafa, a wurin ya je ya taya Verstappen murna, mahaifinsa ma haka. Mu da ko sisi ba mu rasa ba mu ne muke gaba. A ranar muka yi musabaha.

Daga baya, a watan Fabrairun 2022, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta cire Masi daga muƙaminsa, kuma a watan Maris rahotonta ya ce kuskure ne irin na ɗan Adam, amma sakamakon yana nan daram. Labarin ya zo ya tarar mun riga mun shirya. Muka karanta shi tare a waya ɗaya, kowane ɓangare ya samu abin da zai riƙe.

Ƙannenmu, ba cewa muke ku daina musu ba. Musun nan shi ya sa muka fara ninka lambobi ba don jarrabawa ba, shi ya sa muka karanta doka da Turanci, shi ya sa ɗan mai faci ya gane abin da ya koya a rumfar mahaifinsa ilimi ne. Ko a kan ƙwallo kuke yi, ko dambe, ko sukuwar dawaki, ku je da hujja, ku kuma auna gwaninku da mudun da kuke auna na wani. Idan kun ga maganar ta bar kan wasa ta koma kan mutuncin abokinku, ku tsaya a nan.

Har yanzu in an yi hutu muna haɗuwa a bakin kanal. Verstappen ya ƙara kambu uku a jere bayan wancan, Hamilton ya koma Ferrari a 2025, mu huɗun muka bi shi can. Sabon musunmu shi ne wace ƙasa ce za ta dawo da tseren nan Afirka, tunda rabon nahiyar da shi tun na Afirka ta Kudu a 1993. Ɗan mai faci ya ce kowa ya zo da hujjarsa a rubuce.