Ɗakin Da Za Mu Goya

Hanyar Appalachian hanyar ƙafa ce. Ta taso daga dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14 na gabashin Amurka, ta tiƙe a kan dutsen Katahdin a jihar Maine. Tsawonta kusan kilomita 3,500 ne, wato a jera Kano zuwa Legas sau uku, a ƙara da ɗoriya. An kammala ta a 1937. Tun 1948, da wani tsohon soja mai suna Earl Shaffer ya taka ta daga farko har ƙarshe a tafiya guda, mutane ke fitowa gwada ƙarfinsu a kanta. Takan ci wata biyar zuwa bakwai, kuma cikin mutum huɗu da suka ɗaura niyya, kusan ɗaya ne ke kaiwa ƙarshe.

Mu biyu ne, mata da miji, aiki ya ajiye mu a jihar Bajiniya. Shekara uku muna tara kuɗi, mun nemi hutun wata shida ba albashi, kuma a watan Maris za mu kama hanyar. 'Yan uwa a gida da suka ji, tambayarsu ɗaya ce: me kuka rasa? Wannan mun amsa ta da dariya. Tambayar da ta ci mana makonni ita ce ta wajen kwana. A cikin me za mu riƙa kwana?

Mai karatu zai iya cewa ai tanti tanti ne, a shiga kanti a saya. Haka ne, in mota za ta kai shi zango. Fataken da suna da jakuna da raƙuma. A wannan hanya mu ne jakunan kanmu. In aka raba tsawon hanyar da faɗin takun mutum, za a sami taku kusan miliyan biyar, kuma duk giram ɗin da ya shiga jakar goyo sai an ɗaga shi a kowane taku, ga hawa ga gangara. Bayan tantin akwai bargo, da shimfiɗa, da ruwa, da guzurin kwana huɗu ko biyar kafin a sauka gari. Gwiwa da idon sawu su ke biyan kuɗin. Akwai wani wuri da ake kira Neels Gap, kimanin kilomita 50 daga mafarin hanyar, inda matafiya suka saba zazzage jakunkunansu su aika da rarar kaya gida ta gidan waya. Kwana uku kacal ya isa ya koya wa mutum bambancin abin da yake so da abin da yake buƙata.

Shawarar farko da muka duba ita ce mafi sauƙi: kada a ɗauki komai. A kan hanyar akwai rumfuna sama da 250, bango uku da rufi, gaba a buɗe, da dakalin katako. Kyauta ne akasarinsu, wanda ya riga isa shi ke da wuri. Sai dai a Maris da Afrilu hanyar cike take, kuma daren da aka fi buƙatar rumfa, wato daren ruwa, shi ne daren da take cika tun la'asar. Ga ɓeraye da suka mai da ita gidan gado. Ga kuma abin da ya fi damunmu: maza da mata ake jeruwa kafaɗa da kafaɗa, ba labule, ba shamaki. Mutanen kirki ne, ba mu da ƙorafi a kansu, amma mun san kanmu. Za mu zauna mu ci abinci da su, mu yi hira, amma kwana sai a namu ɗakin.

Duk mai son rage kaya a wannan hanya sai an ba shi labarin Emma Gatewood, wata tsohuwa daga Ohayo, uwar 'ya'ya 11. A 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar duka ita kaɗai, mace ta farko da ta yi haka. Ba ta ɗauki tanti ba. Jaka ta ɗinka da hannunta ta rataya a kafaɗa, ta sa bargo da rigar ruwa da labulen leda irin na banɗaki, shi ne rufinta. Muna jinjina mata. Amma labarin yana da sauran bayani: sau da yawa takan ƙwanƙwasa ƙofar mutane ta nemi wajen kwana, wani daren kuma ta tara ganye ta kwanta a kai. Ba wai wahalar ta tsallake ta ba ne. Ta san wadda za ta iya jurewa, ta zaɓe ta.

Daga nan muka gane yadda za mu yi lissafin. Kowane giram da aka cire daga ɗaki, an cire wata kariya tare da shi. Tambayar ita ce wace kariya za mu iya bari.

Tamfol shi ne mafi sauƙi: ƙyalle guda, igiya da turaku, bai fi giram 300 zuwa 400 ba. Ray Jardine, wanda littattafansa na shekarun 1990 suka yaɗa aƙidar tafiya da kaya kaɗan, shi yake yabawa, kuma da matarsa ya yi doguwar tafiyarsa. Iska na ratsa shi, ba ya gumi. Amma ba shi da ƙasa, ba shi da gidan sauro. A watan Yuni da Yuli, lokacin da za mu ratsa New Jersey da Massachusetts, sauron fadamun can ba ya wasa. Akwai kuma kaska, wata 'yar mitsitsiya da ba ta fi ƙwayar riɗi ba, mai ɗauke da cutar Lyme, wadda ke kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. In an haɗa wa tamfol gidan sauro da shimfiɗar ƙasa, ya kusa komawa nauyin tanti, kuma gefensa na nan a buɗe ga idon kowa.

Gadon lilo, wanda ake ɗaurewa tsakanin itatuwa biyu, ya dace da wannan hanya, don kusan duk daji ce. Ba ruwansa da dutse ko taɓo. Matsalarsa sanyi ne ta ƙasa. Hanyar na hawa sama da mita 2,000 a tsaunukan Smoky, kuma a Maris ruwa na daskarewa da dare a can, don haka sai an rataya wani bargon a ƙarƙashinsa. Na mutum ɗaya ne kuma. Mu biyu, komai sai an saya biyu, an goya biyu.

Saura tanti. Wanda aka saba gani, mai ƙarafan da ke tsayar da shi da kansa, na mutum biyu yakan kai kilo biyu ko fiye. Marasa nauyinsu sukan sauko kusan kilo ɗaya da rabi. Akwai kuma wanda ba shi da ƙarafa, da sandunan dogarawar matafiyi ake kafa shi. Tunda sandunan na hannunmu duk yini, me zai hana su yi aikin dare? Illarsa ita ce ba ya tsayawa sai an ɗaure shi tam a turaku. A tsaunukan New Hampshire akwai zangunan da dakalin katako aka tanada don tanti, ba inda za a kafa turke, sai dabarar igiya da duwatsu. Wannan mun yarda za mu koya.

Sai maganar gumi. Numfashin mai barci tururi ne, in ya taɓa ƙyalle mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar murfin tukunya. Tanti mai bango ɗaya, gumin na saman kanka, ka motsa ya jiƙa bargo, kuma bargon gashin tsuntsu in ya jiƙe ya daina ɗumi. Mai bango biyu yana da rufin waje da ɗakin raga a ciki, gumin na tsayawa a rufin. Gabashin Amurka ƙasar laima ce, ana iya kwana uku ba a ga rana ba.

Ƙyallen ma iri-iri ne. Nailan yana shan ruwa ya saki jiki, sai an fito tsakar dare an ƙara ɗaure shi. Foliyesta ba ya saki haka. Sarkinsu shi ne Dyneema, wanda asalinsa don filafilan jiragen ruwa na tsere aka ƙirƙiro shi. Ba ya shan ruwa, ba ya miƙewa, tantin mutum biyu bai cika wuce giram 600 ba. Kuɗinsa kuwa ya ninka na foliyesta. Maigida ya ƙyalla ido a kansa, har ya ce a rage wani abin a saya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muka ari irinsa wajen wani abokin aiki, muka tafi dajin Shenandoah muka kafa. Da duhu ya yi, uwargida ta shiga da tocila, ta leƙo ta ce, "Malam, ja da baya kaɗan, ka faɗa mini abin da kake gani."

Ya ja da baya, ya yi shiru.

"Me ka gani?"

"Uwargida, har ɗaurin ɗankwalinki."

Ƙyallen shara-shara ne, haske na ratsa shi kamar takardar da ta sha mai. Masu tallarsa ba su ɓoye ba, matafiya da yawa kuma bai dame su ba. Wasu ma daɗi suke ji suna hango hasken wata daga kwance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wata shida na zama cikin baƙi, tantin nan shi ne kaɗai inda mace za ta cire ɗankwali ta tsefe kai, ta goge jiki, ta sauya kaya, ta yi kuka in ta gaji ba wanda ya gani. Sikeli ba ya auna wannan.

Mun sayi na foliyesta mai duhu, bango biyu, mai tsayawa da sanduna, ƙofa biyu don kada mai tashi da asuba ya tsallake ɗan'uwansa. Tsayinsa ya isa mutum ya zauna a miƙe, ya yi sujada ranar da ruwa ya hana fita. A sikelin kicin ɗinmu ya ɗan haura kilo ɗaya. Rabin kilo ke nan muka ƙara a kan mafi sauƙi, kuma mun san abin da muka saya da shi: barci da sutura.

Ragowar maganar ita ce wa zai goya. Abokan tafiya da yawa kan rabu a hanya, don saurin kowa daban, shi ya sa wasu ke ba da shawarar kowa ya riƙe nasa ɗakin. Mu mun raba namu gida biyu. Rufin waje da turaku na jakar maigida, ɗakin raga na jakar uwargida. Rabin farko na tare ruwa, ba ya tare sauro. Na biyu na tare sauro, ba ya tare ruwa. Ko an yi saɓani da rana, ko wani ya yi gaba wani ya yi baya, kafin magariba dole mai sauri ya nemi dutse ya zauna ya jira. Ana rufe hawan Katahdin wajajen tsakiyar Oktoba, kuma mun lissafa har da jiran. Allah ya kai mu tare.