Buhun Geron da Ya Ɗaure Mini Harshe

 Ya kai ɗan'uwa, almajiri ne kai ko ɗan kasuwa, ka sani ni ne mai laifi a wannan labari. Wata rana a kasuwar birnin Zariya na ga yaron wani basarake ya kwashe wa wata tsohuwa daddawarta saboda kuɗin da ta riga ta biya. Ta dube ni, ni mai rawani, na sunkuyar da kai, domin maigidansa yakan aiko mini buhun gero kowane azumi.

Da dare na tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Magami, wajen shekarar 1788. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ranar Idi, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar, ciki har da sakin 'yan kurkuku da sassauta wa talakawa haraji. Tutarsa Malam Musa ya shigo da ita Zazzau, muna ta alfahari da ita a zaure.

Da azumi ya kama, na mayar da geron, na faɗa wa basaraken abin da na gani a gaban fadawansa, muryata tana rawa. Tsohuwar kuwa ban sake ganinta ba, balle in nemi gafararta.