Zango Uku a Kudancin Kaduna

Masu hannu da shuni sukan shiga manyan jiragen ruwa su zaga Bahar Rum, yau su kwana a gaɓar Italiya, gobe su wayi gari a Girka. Ko'ina jirgi ya tsaya sai a ba su 'yan sa'o'i su shiga gari su kashe ƙwarƙwatar ido, kafin a busa musu ƙaho. Mu kuwa da ba mu da teku, jirginmu wata tsohuwar bas ce da muka yi karo-karo muka ɗauka haya daga Zariya, mu goma sha ɗaya, a farkon kaka. Ƙa'idar dai ɗaya ce: direba ke da lokaci, baƙo kuwa abin da aka nuna masa shi zai gani.

Abin da ya raba mu da waɗancan shi ne muna da ɗan gari. Ɗaya daga cikinmu haifaffen Kafanchan ne, mahaifinsa tsohon ma'aikacin reluwe, kuma shi ya matsa a yi tafiyar, don ya gaji da jin yadda muke ambaton garinsu. Alal haƙiƙa, ga yawancinmu sunan Kafanchan ba ya tuno da komai sai rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilmi ta garin, wutarsa ta kai har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Akwai ma waɗanda iyayensu suka hana su biyo mu.

Bayan mun wuce Kachia, ƙasar citta, zangon farko shi ne ƙauyen Nok, kusa da Kwoi. A nan masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928. A 1943 kuma aka kai wa Bature Bernard Fagg wani kai da aka samu a yankin Jama'a, bayan ya daɗe a kafe cikin gonar doya yana korar tsuntsaye. Masana sun ce waɗannan gumaka sun haura shekara 2,000. Amma mai son ganin fitattunsu sai ya nufi gidajen tarihi na Jos ko Legas, wasu ma suna can Faransa, inda haƙar sata ta kai su. Mu dai duwatsu da gonaki muka fi gani, da wani dattijo Bajabe da ya yi mana bayani da Hausa garau.

A Kafanchan muka fi daɗewa, kuma abokin namu bai kai mu ko'ina ba sai tashar jirgin ƙasa. Nan ne layin da ya taso daga Fatakwal ta Makurɗi ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Wannan mararraba, wadda aka kammala wajen 1927, ita ta mai da ƙauyen mutanen Fantswam gari, ta jawo Ibo da Yarbawa da Hausawa, har fadar Sarkin Jama'a ta ƙaura zuwa nan a 1933. Ranar da muka je ciyawa ta rufe dogo, awaki na kwance a inuwar tsofaffin taragu. Baƙo da ya zo shi kaɗai minti biyar ya ishe shi. Shi kuwa sai ya shiga nuna mana inda mata ke jera lemo da dafaffiyar gyaɗa, da dakalin da yake zama da ƙwaryar abincin mahaifinsa, da gidajen ma'aikata inda, in ji shi, tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti ke tsallaka katanga ɗaya. Bai ce rikicin ƙarya ne ba. Da muka zo wata kwana ya ce, "Nan gidan maƙwabtanmu yake da," ya yi shiru, mu ma muka yi.

Zango na uku Matsirga ne, kusa da Madakiya, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse da ƙarar da ke hana mutum jin na kusa da shi. Aka ɗauki hotuna, aka jiƙe, aka yi ta shewa. Dutsen Kagoro kuwa, wanda ake bikin Afan a gindinsa ranar 1 ga Janairun kowace shekara, daga tagar mota muka gaishe shi, don la'asar ta yi sanyi, direba kuma ya rantse ba zai bi hanyar Kachia da dare ba.

Duk da haka sai da mahaifiyar abokinmu ta tsare mu. "'Ya'yana, ba a barin gidan nan da yunwa," in ji ta, ta dire mana tuwon acca da miyar karkashi, ta kuma shimfiɗa wa masu salla tabarma a tsakar gida, ta nuna musu gabas. Direba ya danna ham sau uku, a na huɗu aka kira shi ya wanke hannu.