Warin Baba a Tsibirin Sumba

Warin ne ya fara tarbata. Ina sauka daga babur a ƙauyen Prailiu, gefen garin Waingapu da ke gabashin tsibirin Sumba, sai na shaƙi abin da na sani tun ina 'yar mitsitsiya: ganyen baba da aka jiƙa ya ruɓe. Kakana marini ne a Kano, kuma wannan warin ke biyo rigarsa gida idan ya taso daga karofi. Karatu ne ya kai ni Indunusiya, ban taɓa kawo wa raina zan tarar da shi a can ba.

Wata tsohuwa ta shimfiɗa mini tabarma, ta miƙo ganyen sirih da 'ya'yan pinang, goron baƙinsu ke nan. Hannayenta na tsura wa ido: shuni ya kama su har wuyan hannu, farcen ya yi baƙi wuluk. Hannun Kaka sak.

A wurinmu rini aikin maza ne a bakin rami. A nan kuwa na mata ne, cikin tukwane a bayan gida, namiji ba ya leƙawa. Da yake ni mace ce, ta kama hannuna ta kai ni.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, zare suke rinawa tun kafin a saƙa. Za a miƙe zaren tsaye a kan katako, a bi shi ana ɗaɗɗaurewa da zaren ganyen kaba irin tasu, duk inda aka ɗaure rini ba ya shiga. A tsoma a baba, a shanya, a sake tsomawa. Sannan a kwance wasu ƙulle-ƙullen, a shafa wa zaren man ƙwallon kemiri, a zuba shi cikin jan da ake samu daga dakakkiyar saiwar kombu. Inda ja ya hau kan shuɗi sai ya koma wani duhu mai kyan gaske. Siffofin dawaki da zakaru da kadoji ba sa fitowa sosai sai masaƙiya ta ɗaura masaƙar a ƙugunta ta fara bugawa. Mayafin maza guda ɗaya, wanda suke kira hinggi, yakan ci watanni.

Na nuna wani da ke ninke a gefe, na tambayi kuɗinsa.

"Wannan ba na sayarwa ba ne, 'yata," in ji ta. "A cikinsa za a naɗe ni."

Na yi shiru. Mu farin likkafani muka sani, su kuwa masu bin al'adar Marapu da mafi kyawun saƙarsu suke raka mamaci.

Na sayi wani ƙarami, ban yi ciniki ba, don na ga wahalar da idona. Da na dawo Kano na miƙa wa Kaka, lokacin ganinsa ya yi rauni. Ya kai shi hanci, ya daɗe yana shinshinawa.

"Baba ne na gaskiya," ya ce. "Ba na kanti ba."